Maɓalli na Biyu

Innoshima, 9 ga Mayu, 1983

Yaya Kosaku,

Wa ya ba ka izinin ɗaukar fuskar matar da zan aura ka sa a talabijin? Ka tambaye ta? Ka tambaye ni? Ko in mutum ya yi shekara takwas a Tokyo, duk wanda ya baro a tsibiri ya zama kayan aikinsa ke nan?

Na san da gaisuwa ake fara wasiƙa, Inna ta koya mana tare. To ga ta. Ina gaishe ka. Muna lafiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi tun da sanyi ya wuce, har ta hau gona ta dubo furen lemo. Ni ma ƙalau, in ban da idon da walda ke ci. Ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci ko har yanzu taliyar kofi ce. Na tambaya.

Katun ɗinka, Masu Gadin Teku, ya iso mu. Ka san tasharmu, sai kun kalla a Tokyo kun manta sannan ake nuna mana, wata guda a baya, ran Juma'a da yamma. Inna ta tara rabin unguwa a ɗakinmu. Da sunanka ya fito a jerin marubuta sai ta sa kuka, ni kuma na tafa, ba zan ɓoye ba. Yadda ƙattin ƙarfen nan biyu, Shuɗi da Ja, ke tasowa daga ƙarƙashin teku ruwa na zuba daga kafaɗunsu, wanda bai taɓa tsayawa a gindin jirgi ranar da za a tura shi ruwa ba, ba zai rubuta haka ba. Na ce a raina, ashe bai manta da mu ba.

Ashe da ka manta da ya fi mana.

A kashi na uku aka fito da Miyo, yarinyar da ke tsayawa da tuta da usur tana ba ƙattin alamar tashi. Da hagu take ɗaga tuta. Akwai tabo da ya raba mata girar dama. Kafin ta busa usur sai ta goge shi a kafaɗa. Can sai Goggo Fumi mai shagon taba ta ce, "Af, wannan ai Sayoko ce ta gidan Okano. Har da goge usur ɗin." Aka kwashe da dariya. Inna ta tashi ta ce za ta ɗora shayi, alhali shayi na gabanta.

Sai matuƙan. Ren mai tuƙa Shuɗi dogo ne, mai tabarau, ya yi karatu, magana a hankali. Ka ba kanka tsawon da ba ka da shi, amma na gane ka. Goro mai tuƙa Ja gajere ne, bai gama makaranta ba, ba ya buɗe baki sai ya bugi tebur. Na gode. Su biyun kuma duk Miyo suke so.

Yanzu a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ba mai kira na Tetsuji. Ina sunkuye a cikin jirgi da wutar walda sai in ji daga sama, "Ja, ka yi sauri, Shuɗi zai ɗauke maka ita." Sayoko na ƙasa tana ba mai ƙugiya alama, ƙarfe mai nauyin gida na lilo a kan mutane, su kuma suna kiran ta Miyo suna kwaikwayon goge usur. Ba ta kula su. Ni nake kulawa.

Ka san a watan Oktoba za a kai kayan baiko. Heluma Kashihara ne ya shiga tsakani, sai da ya yi ta sintiri gidan Baba Okano kafin tsohon ya yarda ya ba mai walda 'yarsa. Baba Okano ba ya kallon katun. Maƙwabtansa suna kalla.

Na bar makaranta ina ɗan sha biyar, ba sai ka tuna mini ba. Amma duk littafin da tsohon nan mai shagon littattafai na Onomichi ya zuba a kwandon bakin shagonsa na saye na karance a jirgin fito. Na san wannan labarin naka, maza biyu da mace a tsakiya. Tun kafin a ƙera ƙarfe ake ba da shi. Kullum mazan su gama faɗansu su fito jarumai, wanda ya samu da wanda ya rasa, ita kuwa ba wanda ya taɓa tambayar ta ko tana son wasan. Ku dai kun ƙara musu girma ne kun sa musu bindiga a hannu.

Abu biyu nake so. Ka sa a canza mata fuska, kuma ka gaya mini yadda zai ƙare.

Ƙaninka,
Tetsuji

*

Tokyo, 2 ga Yuni

Tetsu,

Ina gaishe ka da Inna. Na ji daɗin labarin gwiwarta, ka hana ta hawa gona in an fara ruwa. Ka ce mata ina cin shinkafa. Ina lafiya, sai dai baya, don a kan kujeru uku nake kwana yawanci.

Wasiƙarka ta ba ni dariya, ta kuma ɓata mini rai. Har yanzu kana rubutu kamar mai buga guduma.

Bari in gaya maka yadda ake aikin nan, don ka ɗauka ni kaɗai ne zaune ina juya duniya. Ba ni ke zane ba. Mai zanen ya ce in ba shi yarinyar da ba ta yi kama da sauran 'yan matan katun ba, muna shan giya, na ba shi labarin wata mai usur a garinmu. Hagun da tabon daga nan suka fito. Kuskure ne, na yarda, amma ƙarami. Canza fuska kuwa ba zai yiwu ba. Abin da kuke kallo yau mun gama shi tun kafin furen ceri ya zube. Mata ɗari suna zaune a gidajensu suna shafa wa girar nan fenti a kan leda, ɗaya bayan ɗaya. Wa zan je in ce wa ya tsaya?

Ƙarshen labari ma ba a hannuna yake ba. Kamfanin kayan wasan yara ne ke biyan shirin. Duk mako mutuminsu na zuwa, wani mai ƙamshin man gashi, ya zauna a ƙarshen tebur. Ran nan darakta ya ce yana so Miyo ta ƙi su duka biyun. Mutumin ya ce, "Malam darakta, yara maza na sayen ƙarfe, 'yan mata na sayen hoto. In ba soyayya 'yan mata sun kashe talabijin. In akwai, dole wani ya ci. Wanda aka fi saye shi ke samun yarinyar." Darakta ya ce, "To ita yarinyar fa?" Ya ce, "Ita ba ma ƙera ta."

Shuɗi na ƙarewa a shaguna. Ja na nan jibge. 'Yan makaranta na aiko wa mujalla kati suna cewa in ba a ba Ren ba za su daina cin abinci. Iyakar abin da zan iya gaya maka ke nan.

Ba ku ba ne, Tetsu. Labari ne. Mutanen tsibiri za su yi surutu, in an fara kamun kifi su manta. Ka gaishe da Sayoko, ka ce mata ta yi haƙuri.

Na sa maka Ja ɗaya a kwali, na ƙarfe ne, hannunsa na harbawa. Suna da yawa a ofis.

Yayanka,
Kosaku

*

Innoshima, 20 ga Yuni

Yaya,

Gaisuwa. Ruwa ya sauka, bango duk ya yi gumi. Inna lafiya. Kwalinka ya iso. Wato ka aiko mini da kaina, wanda ba a saye. Na ɗora shi a kan murfin tulun da ake tsuma kayan lambu, nauyinsa ya yi daidai.

Ka ce ba mu ba ne, labari ne. To wa ya yi magana da mujalla?

Jikar Goggo Fumi ce ta sayo ta a Onomichi. Yanzu shafin na manne a shagon taba, kusa da jadawalin jirgin fito, inda duk mai tsallakawa zai tsaya. Ga hotonka ka tallafe haɓa kamar mai ciwon haƙori. Ga abin da ka ce, na kwafo shi a tsaye mutane na kallo na: "Miyo tana nan da ranta a tsibirinmu. Har yau tana ɗauke da abin da na ba ta."

Ban gane ba sai ran Juma'a. Aka nuno Ren ranar da ya gama makarantar soja, ya tsinke maɓalli na biyu na rigarsa, wanda ke kan zuciya, ya sa wa Miyo a tafin hannu. Sannan aka nuno wuyanta, ga maɓallin ɗaure a igiyar usur.

Yaya, duk tsibirin nan ba wanda bai san me ake nufi da maɓalli na biyu ba, yarinyar da saurayi ke so kaɗai yake ba wa. Kuma ba wanda ya manta ranar da ka gama sakandare ka dawo gida rigarka a buɗe a ƙirji. Ina wurin. Inna ta ce, "Wace ce?" Ka yi dariya ka shige ɗaki. Washegari mata suka yi ta lissafa 'yan mata a wurin wanki, ba a gano ba, ka tafi Tokyo da zancen.

Sayoko kuma akwai maɓalli a igiyar usur ɗinta. Kowa ya sani, yana nan yana ƙyalli a wuyanta kullum. Ta taɓa ce mini na Masaru ne, wanta da teku ta ci yana ajin ƙarshe. Ban ƙara tambaya ba, don ba a tona irin wannan.

Yanzu mutane sun haɗa biyu da biyu. Jiya a gidan wanka wani ya ce, da ƙarfi don in ji, "Ashe ragowar wansa zai ɗauka." Ban san wane ne ba saboda tururi, shi ya cece shi. Baba Okano ya kira heluma. Bai ce a fasa ba. Ya ce shi ba zai karɓi kayan baiko daga gidan da ɗa ɗaya ke neman 'yarsa ɗayan kuma na shelar ta a mujalla ba, sai ya san inda aka tsaya.

Na yi wa Sayoko zancen katun ɗin a hanyar gida, a kaikaice. Ta ce, "Ni fa Juma'a da yamma wanki nake yi." Na ce mutane na magana. Ta ce, "Da ma aikinsu ne." Shi ke nan. Ka san ta.

Ba ita zan tambaya ba. Kai zan tambaya, kai da ka iya magana da 'yan jarida. Maɓallin da ke wuyanta naka ne ko ba naka ba ne? Kalma ɗaya ta isa. Kada ka ba ni labarin mai man gashi.

Tetsuji

*

Kati, Tokyo, 11 ga Yuli

Tetsu, gaisuwa gare ka da Inna. Ina lafiya. Darakta ya faɗi an kai shi asibiti, kashi uku na ƙarshe duk a kaina, shi ya sa ka ji shiru. Maɓallin da ke wuyan Sayoko ita kaɗai ta san labarinsa. Ba ni ya kamata ka tambaya ba. Zan rubuto da tsawo in na samu kaina.

K.

*

Innoshima, 17 ga Yuli

Yaya,

Inna ba ta jin daɗi, ba ta fita. Ni ina nan. Gaisuwar ke nan.

Sati uku ina jiran kalma ɗaya. Kullum in na sauko daga aiki sai na duba akwati. Da amsar ta zo, ta zo a kati, ba ambulan, kamar mai gaishe mu daga wurin yawon shaƙatawa. Ka manta wa ke raba wasiƙu a tsibirin nan? Ƙanin Goggo Fumi. Kafin katin ya iso ƙofarmu ya biya ta shagon taba. Da ya miƙo mini ya kasa kallon idona, ya ce, "Yayanka ya iya rubutu, Tetsu."

Na karanta shi ya fi a ƙirga. Ita kaɗai ta san labarinsa. Ba ni ya kamata ka tambaya ba. Na tambaye ka i ko a'a. Mutumin da amsarsa a'a ce, a'a yake rubutawa, ba ta da tsawo. Na ce ashe haka ne. Namiji mai kunya ne yake rufa wa mace asiri, ya bar ta ta faɗa da bakinta.

To na tambaye ta.

Da na sani da na jira har a tashi, in tare ta a hanyar gona. Ban jira ba. Da safe ne, ana ɗaga farantin ƙarfe na gefen jirgi. Tana tsaye da tuta a sama, idonta a kan ƙugiya. Wani daga kan tsani ya ce, "Ja, an ce takarda ta zo daga Shuɗi." Aka yi dariya. Ban san lokacin da na ajiye abin walda ba. Na tsallaka layin da ba a tsallakawa in kaya na sama, na tsaya a gabanta, na ce, "Sayoko, maɓallin nan na wane ne?"

Ba ta ko dube ni ba. Ta ce, "Fita daga ƙarƙashin kaya."

Na ce, "Na Masaru ne ko na yayana?"

Duk wurin ya ji. Har mai ƙugiya ya leƙo daga sama.

Ta busa usur, ta karkata tuta, ta bi farantin da ido har ya zauna a kan katako, ba ta yi gaggawa ba. Ta busa na biyu aka saki igiya. Sannan ta cire hular ƙarfe, ta zare igiyar daga wuyanta, ta kama hannuna ta buɗe shi ta sa maɓallin a ciki.

Ta ce, "Kai ne mai karatu. Karanta."

Anka ce a kansa, Yaya, ƙarfen nan da ake jefawa ruwa a tsayar da jirgi. Ankar makarantar 'yan jirgin ruwa, inda Masaru ya yi. Taku makarantar fure ne a maɓallinta, na sani, na sha goge maka su. Shekara biyu ina zama kusa da ita a jirgin fito, kafaɗa da kafaɗa, ban taɓa duba ba. Na karance kwandon tsohon Onomichi kaf, ban karanta wannan ba.

Ta ce, ba da ƙarfi ba, amma wurin shiru ne, "Bai kai ranar gama makaranta ba, bai samu ya ba kowa ba. Ni na tsinke shi kafin a rufe akwatin. Akwai wata tambayar?"



Ta kwance maɓallin daga igiya ta sa a aljihu. Usur ɗin kuma ta miƙa wa heluma, ta sunkuya ta ce ta gode da ɗawainiya. Heluma ya ce, "Okano, tsaya mana." Ba ta tsaya ba. Da la'asar ta hau jirgi zuwa Mihara wurin ƙanwar mahaifiyarta. Baba Okano ya aiko ya ce kada a sayi komai na Oktoba.

Kada ka ɗauka abin ya wanke ta. Waɗanda suka ga ankar ba su kai ashirin ba. A shagon taba yanzu cewa ake yi ta canza maɓallin ne da ta ji zance ya tashi, in ba haka ba me ya kore ta? Ai ga shi a mujalla, da bakin mai shi.

Ni na yi wannan da bakina, ba zan ɗora maka ba. Amma kai ka nuna mini hanya ka ce in bi. Me ka ba ta, Yaya? Ina maɓallinka?

Tetsuji

*

Tokyo, 26 ga Yuli

Tetsu,

Ina gaishe ka. Ka gaishe da Inna, ka ce mata zan kira wayar shagon taba ran Lahadi a kira ta. A'a, kada ka ce, ba zan kira can ba. Ina lafiya. An miƙa kashi na ƙarshe.

Na karanta wasiƙarka a tsaye a tashar jirgin ƙasa, jirgi biyu suka wuce ni.

Maɓallina yana ƙarƙashin teku, tsakanin tsibiri da Onomichi. Ranar da na gama makaranta na same ta a bakin gadar jirgin fito tana jiran jirgi. Na tsinke shi na miƙa mata. Ta dube shi ta ce, "Me zan yi da shi? Rigata zif gare ta." Da ta ga fuskata sai ta daina wasa, ta ce, "Ka yi haƙuri, Kosaku. Ka kai wa Innarku ta mayar maka." Na jefa shi daga kan jirgi. Dariyar da na yi wa Inna a gida, ita ce kaɗai abin da ya rage mini.

Ban taɓa ba ta komai ta karɓa ba.

Abin da nake nufi a katin ke nan, cewa ba ni da hannu a maɓallin da ke wuyanta, nata ne da mamacinta. A'a ce amsar. Na kasa rubuta ta a fili don in na rubuta dole in rubuta sauran, ga ƙanina, a kan katin da na san za a karanta a hanya. Na zaɓi kalmomin da za su bar mini mutunci. Ban yi tunanin yadda za su faɗo maka ba.

Da na zo gida da sabuwar shekara na ga maɓallin a wuyanta. Na ga ankar. A jirgin komawa na rubuta kashin nan. Na ce a raina ko a zane ne ma a bar ni ta karɓa sau ɗaya. Ɗan mujalla kuma ya yi ta matsa mini, wai 'yan mata na son su ji akwai gaskiya a ciki. Na faɗi jimlar, ya yi tsalle, na ji daɗi.

Ka ce in gaya maka ƙarshe. Goro zai riƙe ƙofar teku da Ja har ta murƙushe shi, don sauran su wuce. Zai mutu da kyau, na ba shi maganganun da suka fi na kowa. Miyo za ta auri Ren a kan jirgi, da maɓallin a wuyanta. Nan za a nuna mako mai zuwa.

Ga roƙona. Ka kai wa Baba Okano wannan wasiƙar, ka kai wa Sayoko, su karanta. Amma ta tsaya a nan. Kamfani ya buga jimlar nan tawa a bayan kwalin faifan waƙoƙin shirin. Sun ba ni shiri na gaba, ni ne babban marubuci, abin da na zo Tokyo nema ke nan. In aka ji ƙarya na yi, mai man gashi ba zai yi faɗa ba, zai daina gaishe ni ne kawai. Ka san abin da hakan ke nufi a nan.

Ka yafe mini.

Kosaku

*

Innoshima, 4 ga Agusta

Yaya,

Ina gaishe ka. Zafi ya yi yawa, ƙarfe ba ya taɓuwa da rana. Inna ta fara cin abinci. Ta wanke fitilun bikin matattu, ta shanya shimfiɗarka, ta ce bana za ka zo.

Na yi abin da ka ce. Na sa riga mai tsabta na hau gonar Baba Okano. Ya karanta a tsaye a gindin lemo, da tabarau a hanci, har ƙarshe. Ya ninke ya miƙo mini. Ya ce, "Ɗan nan, na yarda da takardar. Amma ƙaryar a talabijin aka yi ta, gaskiyar kuma ka kawo mini ita a aljihu. In rataya ta a wuyan 'yata ta riƙa nuna wa mutane?" Ya koma feshinsa.

Ran Lahadi na je Mihara. Tana taya ƙanwar mahaifiyarta sayar da taliya kusa da tasha. Na zauna na sayi kwano kamar kowa. Ta kawo, na tura mata wasiƙar. Ta karanta tana tsaye, da tire a ƙarƙashin hammata. Wurin zif ɗin ta ɗan yi murmushi. Sannan ta ce, "Yayanka ya yi mini ƙarya don a sayar da kayan wasa. Shi an biya shi. Kai kyauta ka yarda."

Na ce haka ne.

Ta ce, "Yau ba ka da dogon jawabi?"

Na ce babu.

Ta ce, "Ci, za ta huce." Da na tashi tafiya ta biyo ni bakin labule. Ta ce za ta zo bikin matattu don ta wanke kabarin Masaru. Ta ce, "In na sauka daga jirgi na haura har maƙabarta ba wanda ya kira ni Miyo, ba wanda ya kalli wuyana, to ka zo mu yi magana. In ba haka ba jirgin yamma zan koma, kuma kada ka ƙara zuwa cin taliya."

Ka ga inda muke.

Ka ce ka ba Goro mutuwa mai kyau. Riƙe abarka. Na gaya maka tun wasiƙar farko, a irin labarin nan mazan duka riba suke ci, ɗaya ya samu mace, ɗaya ya samu kuka. Ni ba na son kukan 'yan makaranta. Ita kuma ba a ba ta komai ba sai maɓallin da ta ƙi karɓa, ka ɗaura mata shi a wuya a gaban ƙasa duka, a kan na ɗan'uwanta.

Ku a Tokyo an gama, kun yi shagali. Mu saura wata guda mu ga bikin auren. Wannan jinkirin da muke zagi tun muna yara, shi kaɗai ne ya rage mana. In aka nuna shi nan alhali shafin nan na manne a shagon taba, an ɗaura auren ke nan, ba mai kwance shi.

Na yi magana da heluma, shi kuma ya yi da shugaban ƙungiyar masunta. Ka san lasifikar da ke kan dogon ƙarfe a bakin gada, wadda ake sanar da farashin kifi da mutuwa da ɓatan akuya, ana jin ta har gonakin sama. Ran sha uku ga wata, da tsakar rana, bayan an faɗi lokacin jirgi, za su ba ka abin magana. Jirgin Sayoko na ƙarfe biyu ne.

Na yi tunanin in karanta wasiƙarka da kaina. Ba zai yi ba. Za a ce Ja ne ke haushi. Muryar da ta faɗa ita za ta janye.

Ba na neman ka zagi kanka. Ka faɗi sunanka da na gidanmu. Ka ce ka miƙa, ta ƙi. Ka ce maɓallin na Masaru ne. Mai man gashi ba ya jin lasifikar masunta daga Tokyo, in kuma ya ji, ka auna shirinka na gaba da abin da aka ɗauke wa mace a nan, ka zaɓa.

Na tambayi Sayoko a gaban mutane abin da ya kamata in tambaye ka. Yanzu na dawo da tambayar wurin mai ita. Kada ka aiko kati, kada ka aiko ambulan, ba zan buɗe ba. Zan tsaya a gindin ƙarfen lasifikar da usur ɗinta a hannu, heluma ya ba ni ajiya. Inna ma ta ce za ta sauko ko da sanda.

Kosaku, ɗan gidan Miyachi, ina maɓallinka na biyu? Ka zo ka faɗa inda kowa zai ji.

Ƙaninka,
Tetsuji